Kaciyar Birkila

Ni na ja aka yi wa mutum mai shekara talatin da wani abu kaciya a tsakiyar bazara, kuma da baki kawai na yi, ban taɓa aska ba. Na daɗe ina ba da labarin nan ina zare kaina daga ciki. Yanzu da na tsufa, waɗanda nake jin kunyarsu duk sun riga mu gidan gaskiya, bari in faɗe shi yadda ya faru.

Lokacin ba a fi shekara biyu da komawa tuƙi ta hannun dama ba. Ina jan tasi, ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi cikin wani gidan haya mai ɗaki shida, rijiya ɗaya, masai ɗaya. Daga ƙofar gidan kana hango gonaki har wajen Tarauni, sai sababbin gine-gine jefi-jefi. Mai gidan, wanda kowa ke ce wa Alhaji, kawun matata ne. Shi ya ɗauko ni daga ƙauye, shi ya sa aka koya mini tuƙi, motar da nake ja tasa ce, ɗakin da nake kwana nasa ne, kuma shi ya ba ni 'yar ƙanwarsa aure. Da Alhaji zai juya mini baya, abin da zan fita da shi daga Kano ba zai wuce rigar wuyana ba.

Ɗakin da ke jikin namu na wani magini ne da duk gidan ke kira Birkila. Kirista ne, daga can ƙasar duwatsu da ke kudu da mu ya zo, dogo, ba ruwansa da hira. Da sassafe zai rataya cokalin gininsa ya tafi Tarauni, ba ka ƙara ganinsa sai yamma, jikinsa fari fat da siminti. Matarsa kuwa duk surutun da ya rasa ita ta kwashe. Ita da matata turminsu ɗaya, kuma in ɗaya ta yi miya sai ta ɗanɗana wa ɗaya. Surutun nan ne ya fara tona su. Da sanyin shekarar aka yi wa yaran unguwa kaciya, ta ga an jera su a zaure da kara tsakanin gwiwoyi ana kai musu kaji, sai ta ce ita kam a garinsu ba a yin wannan abu. Mata suka tambaya, har manya? Ta ce har manya. Aka yi shewa aka tafa, kafin la'asar babu wanda bai ji ba. Abin dariya ne kawai a lokacin, ba wanda ya riƙe shi da zafi.

To ni kuma ga nawa halin. Akwai wata fasinja da nakan sauke a wani gida bayan tasha. Rannan da rana tsaka ta ce in shigo in sha ruwa, na shiga. Ba zan ce Shaiɗan ba, don Shaiɗan bai iya ajiye mota a inuwa ya kulle ta ba, ni na yi da hannuna, kuma ba sau ɗaya ba. Ba a yi mako ba fitsari ya koma mini kamar ana zuba barkono. Ciwon sanyi ne, na san shi a bakin direbobi. Na yi ta ɓoyewa ina cije leɓe, na manta cewa ba ni ke wanke wandona ba.

Matata yarinya ce, ba ta san komai ba. Ta ga tabo a wando, ta tsorata, ta ɗauka wani mugun ciwo ne zai kashe mata miji, ta kwashi wandon ta kai wa matar Alhaji. Na dawo cin abincin rana aka ce Alhaji na kirana a zaure. Ina shiga na tarar da shi fuska a murtuke.

"Zauna," ya ce. "Kai, Direba, ina ka kwaso wannan ƙazantar?"

Na durƙusa ina kallon tabarma. A tsakanin numfashi biyu na ga mota ta tafi, ɗaki ya tafi, mata ta tafi, na ga kaina a bayan akori-kura ana mayar da ni ƙauye. Sai na ji bakina yana magana.

"Wallahi Alhaji ni ma abin ya ɗaure mini kai. Sai dai rannan na shiga masai bayan Birkila ya fito, na tsuguna daidai inda ya yi fitsari, wurin da ɗumi."

A wancan zamanin kowa ya yarda cewa in ka yi fitsari a kan fitsarin mai ciwon sanyi, tururin zai taso ya shige ka. Ban ƙirƙiro wannan ba, na tarar da shi ne na raɓe a bayansa. Abin da na zata shi ne Alhaji zai ce Allah ya sawwaƙe, ya sa a haƙa wani masai, magana ta mutu. Maimakon haka sai ya buga cinya.

"Ai dama! Dama na san za a rina. Mai kaciya jikinsa ba ya ajiye ciwo, ina zai ajiye shi? Wancan kuwa yana yawo da ɗakin ajiyar cuta a jikinsa. Ni na yi sake da na ba shi haya."

Yanzu da na waiwaya, na gane Alhaji ya fi ni buƙatar ƙaryar nan. In ba Birkila ba ne, to ke nan shi da hannunsa ya ɗauki 'yar ƙanwarsa ya ba wa mazinaci, kuma Alhaji ba mutum ne da ke yin kuskure a gaban jama'a ba.

Kafin magariba gidan ya juye. Aka ware wa su Birkila buta da guga. Mata suka hana 'ya'yansu zuwa ƙofarsu. Wani tela ɗan kudu da ke ɗakin ƙarshe, wanda coci ɗaya suke zuwa, ya yi maza ya sanar da kowa cewa su tun jariri na kwana takwas ake yi musu, kada a haɗa shi a ciki. Wadda ta fi kowa zafi ita ce matata. Ta janye turminta, ta daina amsa gaisuwar ƙawarta, tana cewa sun so su kashe mata miji. Matar Birkila a lokacin tana da tsohon ciki. Ina ganinta tana jan ruwa ita kaɗai a rijiya, ba mai kama mata, ni kuma ina wucewa da makullin mota a hannu kamar mutumin kirki.

Alhaji ya yanke hukunci: ko dai Birkila ya yarda a yi masa kaciya, ko ya bar gidan kafin Juma'a. Na ce a raina shi ke nan, zai tashi, kowa ya huta. Wane babban mutum ne zai miƙa kansa ga aska saboda ɗakin haya?

Washegari Birkila ya tare ni a ƙofar gida ina goge mota.

"Maƙwabci," ya ce, "ni fa ba na jin komai a jikina. Ba zafi, ba komai."

Na ci gaba da goge gilashin da ya riga ya fita tas. Na ce, "Ai wasu ba sa ji. Yana nan kwance ne kawai."

Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙasa, sannan ya gyaɗa kai ya tafi aiki. A duk maganganun da na yi a rayuwata, wannan ce ta fi tsaya mini a wuya.

Ni kuwa a ɓoye na riga na samo wa kaina mafita. Akwai wani tsohon malamin asibiti da ya buɗe kemis a Tarauni, na je ya fara yi mini allura. Ya tambaye ni inda na samo, na ce masai. Ya sauke tabarau ya dube ni, ya ce, "Masan nan da ɗankwali take ko da gyale?" Ya ce in kawo matata ita ma a yi mata. Na ce to, ban kawo ta ba. In na kawo ta, me zan ce mata?

Ranar Laraba matar Alhaji ta leƙo ta ce Birkila ya yarda. Tuwo na hannuna, na kasa kai shi baki.

Wanzamin unguwa ma da farko ƙi ya yi. Dattijo ne, shi ya yi wa rabin yaran Gyaɗi-Gyaɗi. Ya ce shi bai taɓa sa aska a jikin wanda ya haura shekara goma ba, kuma ba a kaciya da zafi, sai da sanyi, lokacin da jini ke kwanciya miki ya kame da wuri. Ya ce a jira ko a kai shi asibiti. Alhaji ya ce cuta ba ta jiran sanyi, kuma yaushe aka fara kai kaciya asibiti, ko wanzaman garin sun ƙare ne? Da aka taɓo masa sana'a, sai dattijon ya ɗauki zabirarsa.

Ranar Alhamis da hantsi aka yi, a wani kango bayan gida. An haƙa ɗan rami kamar yadda ake yi wa yara, don jini ya zuba a ciki a binne. Yaro mutum ɗaya ke riƙe shi, amma wannan ƙato ne mai ɗaukar bulo, sai aka ce mutum uku. Alhaji ya waiwayo ya ce, "Direba, kai aka cuta, zo ka kama." Haka na zagaya bayansa na durƙusa, na zura hannuwana ta ƙarƙashin hammatarsa na rungume ƙirjinsa. Ina jin bugun zuciyarsa a tafin hannuna. Har a lokacin ina da damar cewa a tsaya. Kalma ɗaya ce, kuma tana bakina.

Wanzami ya yi bisimilla ya sa aska. Birkila bai yi ihu ba. Jikinsa ne ya sandare gaba ɗaya, ya turo ni baya har na kusa faɗuwa, sai wani gurnani da ya fito ta tsakanin haƙoransa. Aka ce an gama, barka, barka. Wanzami ya barbaɗa garin bagaruwa ya ɗaure.

Jini ya ƙi tsayawa. Ya jiƙa ƙyallen, aka sake wani, ya jiƙa shi. Na sha ganin kaciyar yara, ɗan jini ne kaɗan ƙasa ta shanye. Wannan kuwa zuba yake yi, ramin ya cika ya fara malala ta gefe, ƙudaje suka taru. Wanzami ya ƙara bagaruwa, ya danna, ya karanta abin da zai karanta. Rana ta take, kangon ba inuwa. Na ga leɓen Birkila ya koma fari kamar ya sha toka, kansa ya langaɓe a kafaɗata. Na kira shi bai amsa ba.

"Alhaji," in ji wanzami, muryarsa ƙasa-ƙasa, "wannan ya fi ƙarfina. Na faɗa muku."

Innalillahi. Ban san lokacin da na kinkime shi ba. Muka sa shi a bayan mota, matarsa ta fito da gudu da cikinta, ba ɗankwali, ta faɗa kusa da shi tana kiransa da yarensu. Alhaji ya ce shi zai tsaya ya ji da gida. Ban taɓa gudu da mota irin na ranar ba, hannuna ɗaya a kan hon tun daga Gyaɗi-Gyaɗi har cikin gari, ina ta cewa a raina ya Allah kada ka sa na yi kisan kai.

A asibiti aka shige da shi, aka ɗinke, aka ƙara masa jini. Na zauna a kan benci rigata duk ta bushe da jininsa. Sai bayan la'asar wani malamin asibiti ya fito, ya ce zai rayu, amma da an ƙara awa guda da sai dai wani labarin. Ya tambaye ni wane mai hankali ne ya sa aka yi wa babba kaciya a kango. Na ce ai ciwon sanyi ne da shi, yana yaɗa wa mutane ta masai.

"Wa ya ce yana da shi?"

"Haka aka ce."

"Mun duba shi, ba mu ga alamar komai ba. Waye ya kamu a gidan?"

Ya dube ni daga sama har ƙasa, bai jira amsata ba.

"Malam, masai ba ya ba da wannan ciwo, kai ma ka sani. Kaciya abu ne mai kyau, tana taimakon tsafta, amma ba laya ba ce. Masu zuwa nan kullum da ciwon nan kusan duk da kaciyarsu suke zuwa. Kana da mata?"

Na ce e.

"To yana jikinta yanzu, ko tana ji ko ba ta ji. In ka bar shi ya daɗe, zai iya hana ta haihuwa har abada. Ka kawo ta gobe."

Shekaru da yawa bayan haka na ji likitoci a rediyo suna cewa kaciya takan rage wa namiji haɗarin kamuwa da wasu cututtukan. Ragewa suka ce, ba hanawa ba. Mu a gidanmu mun ɗauka cewa wanda aka yi wa ya gama da cuta, wanda ba a yi wa ba shi ne cutar, kuma a kan wannan muka kusa binne mutum.

Na dawo gida na tarar da matata a tsakar gida tana figar kaza. Ta ce ai ɗan kaciya da kaza ake jinyarsa, ko babba ne, tunda dai ya yarda an raba shi da cutar, ita ta yafe. Na ce ta shigo ɗaki. Na faɗa mata komai a tsaye, ban iya zama ba: gidan bayan tasha, ƙaryar zaure, allurar Tarauni, da abin da malamin asibiti ya ce game da ita. Na shirya wa kuka, na shirya wa zagi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tsaya da gashin kaza a hannu tana kallona kamar ba ta taɓa ganina ba.

"Malam, kana nufin ka sani? Da kake riƙe da shi, ka sani?"

Na ce na sani.

"Kuma ka bar ni na daina gaida matarsa?"

Ta ɗaga labule ta fita. Na ɗauka gidan Alhaji za ta, ashe tsakar gida za ta tsaya. Yarinyar da ko sunana ba ta iya faɗa don kunya, ita ce ta ɗaga murya har maƙwabta na leƙowa ta katanga, ta ce kowa ya fito ya ji, Birkila ba shi da ciwon komai, mijinta ne ya je ya kwaso a wurin matan banza ya ɗora wa bawan Allah. Ta faɗa sau biyu don kada wani ya ce bai ji ba. Ina cikin ɗaki ina jin komai, na rasa ta inda zan fito.

Alhaji bai zage ni ba. Ya aiko a karɓi makullin mota, ya ce in ba don 'yarsa ba da a ranar zan kwana a tasha. Matarsa ce ta riƙa kai matata allura, daga nan aka wuce da ita gidan iyayenta, sai da ta yi wata huɗu kafin ta yarda ta dawo. Shi kansa Alhajin bai taka asibiti ba, sai dai ya aika da abinci, don zuwa yana nufin ya amsa cewa da hannunsa a ciki. Wanzami kuwa ya daina amsa sallamata har ya mutu, kuma ban ga laifinsa ba.

Kwana tara Birkila ya yi a kwance. Na yi ta kewaya asibitin a ƙafa ina komawa, sai ranar da za a sallame shi na iya shiga. Yana zaune a bakin gado da zani ɗaure a ƙugu, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Matarsa na ganina ta tashi ta fita. Sun riga sun sami ɗaki a Unguwar Gano, ba za su koma gidanmu ba. Na durƙusa a kan siminti na ce ya yafe mini. Na ce na san saboda ɗaki ya yarda, ga matarsa da ciki, ba inda za su, ni kuma na yi amfani da wannan.

Ya girgiza kai a hankali.

"Ba don ɗaki ba ne, maƙwabci. Ɗaki ai ni ke gina su, da na samu wani."

Na ɗago na dube shi.

"Ka ce mini wasu ba sa ji, yana kwance ne kawai. Na ce direba yana yawo, ya fi ni sanin duniya, ba zai yi mini ƙarya ba. Na ɗauka da gaske ni na sa maka ciwo. Na ji tsoro kada in sa wa matata da abin da ke cikinta." Ya ɗan tsaya ya gyara zama, yana cije baki saboda zafi. "Duk kwanakin nan kunyarka nake ji. Da aka ce kai za ka riƙe ni, har na ji daɗi. Na ce in an gama, zan samu bakin da zan ba ka haƙuri."